Kana Murza Keke Kullum Amma Teɓa Ta Ƙi Sauka: Ina Matsalar Take?

Akwai wani ƙorafi da zaka yi ta ji a bakin masu hawa keke, musamman waɗanda suka fara don su rage jiki: wai cinya ta yi tauri, sha-raɓa ta fito, numfashi ya gyaru, hawan da a da sai an sauka an tura keke yanzu a zaune ake haye shi, amma ita teɓa tana nan daram ko gezau. Daga nan sai mutum ya kama ɗayan biyu, ko dai ya dinga kwanciya a ƙasa yana kwanta-tashi, wato sitof, sau ɗari kullum da dare har wuyansa ya ƙage, ko kuma ya ɗauke wa kansa abinci ya dinga fita da yunwa. Na farkon ɓata lokaci ne in dai don teɓa ake yi, na biyun kuma shi ne ma ya fi damuna don yana iya yi wa mutum illa ta gaske.

Abin da ya rikita lissafin shi ne an cakuɗa abu biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Shafaffen ciki magana ce ta kitsen da ke kwance a kan tsoka da wanda ke cikin ciki, shi kuma ƙaƙƙarfan ciki magana ce ta ita tsokar kanta. Mutum zai iya zama da tsokar ciki mai ƙarfin gaske a ƙarƙashin teɓa, wani kuma siriri ne cikinsa a ɗame amma in ya yi awa ɗaya a kan sirdi bayansa kamar zai ɓalle. Na farko a wajen cin abinci da doguwar tafiya ake gyara shi, na biyu a kan shimfiɗa a ɗaki, kuma ɗaya baya yi wa ɗaya aikinsa.

Mu fara da sitof ɗin tunda shi kowa ke rugawa. An daɗe da gwada wannan abu. A 1984 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka an sa maza 13 sun yi sitof 5,004 cikin kwana 27, aka ɗebi samfurin kitse daga cikinsu da bayansu da ɗuwawunsu kafin a fara da bayan an gama, sai aka ga ɗan raguwar da ƙwayoyin kitse suka yi kusan ɗaya ce a duka wuraren uku, ciki bai samu wani fifiko ba duk da shi ya sha wahalar. A 2011 wasu suka sake gwadawa da mutum 24, aka raba su gida biyu, kashi ɗaya suna atisayen ciki kala bakwai, kwana biyar a mako har mako shida. Tsokar cikinsu ta ƙara juriya sosai, wannan kam ba musu, amma kitsen ciki da faɗin ƙugu ba su motsa ba. Dalili kuwa a fili yake, tsoka bata cin kitsen da ke maƙwabtaka da ita kai tsaye. In jiki yana buƙatar ƙarfi, daga ko'ina yake sakin kitse ya shiga jini, jinin ne ke kai shi ga tsokar da ke aiki, kuma inda zai fara raguwa ba kai ke zaɓa ba, gado ne da jinsi da shekaru. Maza da yawa a ciki jikinsu ya fi ajiya, mata kuma a cinya da ƙugu kafin su daina al'ada, bayan nan su ma abin yakan karkato zuwa ciki.

Amma ga labari mai daɗi ga mai keke. Kitsen ciki kala biyu ne: akwai wanda zaka iya mintsina da yatsu a ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke can ciki ya nannaɗe hanji da hanta, shi ne ke tura ciki gaba ya yi tauri in ka taɓa. Na cikin nan shi ne mugun, shi ake alaƙantawa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da kitsen hanta, kuma alhamdu lillahi shi ne ya fi saurin amsawa in mutum yana motsa jiki irin mai sa haki na tsawon lokaci, wato irin keke ɗin nan. Shi ya sa sau da yawa sikeli baya nuna komai amma wando ya fara yin sako-sako. Don haka ni a ganina tef ɗin awo ya fi sikeli faɗin gaskiya a nan. Ka auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajejen cibiya, bayan ka saki numfashi yadda ka saba ba tare da ka tsuke ciki ba. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawara a 2022 cewa faɗin ƙugun mutum kar ya kai rabin tsayinsa, wato in tsayinka santimita 170 ne, ka nemi ƙasa da 85. Sau ɗaya a mako da safe ya isa.

To in keke yana cin kitse, me ya sa teɓar ta ƙi tafiya? Nan ne lissafi ke shigowa, kuma lissafin baya yi wa mutane daɗi. Jikin ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙarfin da ya ƙona ne ke isa feda, sauran zafi ne da gumi. Saboda haka masu na'urar auna ƙarfin feda suna da lissafi mai sauƙi: wanda ya riƙe wat 100 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin takun) na awa guda ya ƙona kalori wajen 360, mai wat 150 wajen 540, mai wat 200 wajen 720. Kuma mafi yawan masu hawa don nishaɗi, in aka cire tsayawa a danja da sakin feda a gangara da hira da abokin tafiya, basu cika wuce tsakanin na farko da na biyu ba. Yanzu ka ɗora wannan a kan cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ka ga ke nan awa guda a kan keke abu ne mai kyau ƙwarai, amma ba lasisi ba ne na cin duk abin da ido ya gani. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas yana da suga wajen giram 35, kalori 140 ke nan, babban cokali ɗaya na man girki 120 ne, in ka haɗa lemo biyu da wani soyayyen abu bayan ka sauka, awar nan ta tafi a banza ta fuskar teɓa, ko da yake zuciya da huhu sun riga sun karɓi rabonsu.

Agogon hannu mai ƙirga kalori ma yana ƙara rura wutar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin na'urorin nan guda bakwai a jikin mutum 60, bugun zuciya dai yawancinsu sun auna daidai, amma wajen kalori wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuwa da kashi 93. To ka ga wanda ke kallon agogo ya ce na ƙona dubu yau bari in rama, ai da shi da mai rufe ido ya ci duk ɗaya ne. Sannan shi kansa jiki yana da nasa wayon. Wani nazari da aka fitar a 2021 kan mutum sama da 1,700 ya nuna a matsakaici jiki yana rama kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona a motsi ta hanyar rage kashewa a wasu ayyukansa na ciki. Ban da wannan ga halin da kowa ya sani, ranar da ka yi doguwar tafiya da safe sauran wunin a kwance kake yinsa.

Jin haka sai wani ya ce shikenan bari in daina ci. A'a, nan ne kuskure mafi girma, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mai keke ba a kan keke zai rage ci ba, a sauran wunin zai rage. Tsoka da hanta suna ajiye sitaci a wani siffa da ake kira gilaikojin, wajen rabin kilo gaba ɗaya a jikin babban mutum, kuma in kana takawa da ƙarfi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya kusa ƙarewa. Wanda ya taɓa kaiwa nan ya san yadda take: ƙafa ta yi nauyi, wani gumi mai sanyi ya karyo, ido ya fara ganin dishi-dishi, hannu na rawa a kan birki, mota ta wuce ka baka ma lura ba sai da ta yi ham. Banda hatsarin titi, ga abin da ke biyo baya a gida, ka shigo kamar mayunwacin zaki ka buɗe firji ka cinye ninkin abin da ka hana kanka a hanya, washegari kuma jiki a mace ba zancen fita. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shawarar masana abincin 'yan wasa ita ce in tafiya bata kai awa ɗaya ba ruwa ya isa, in ta wuce awa zuwa awa biyu da rabi a dinga shigar da giram 30 zuwa 60 na sitaci ko suga duk awa, in ta fi haka tsawo da zafi ana kaiwa har 90. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da wajen giram 25, don haka ba wani abu mai wuyar samu ake magana ba, ayaba ɗaya ko biyu a aljihun riga, ko yankan burodi da zuma, a fara ci tun kafin yunwa ta yi sallama.

Batun fita da safe ba a karya ba kuwa, gaskiya ne a lokacin jiki ya fi jawo kitse, amma in aka duba makonni gaba ɗaya, matuƙar jimillar abin da aka ci ɗaya ne, bambancin baya bayyana a kitsen jiki. In tafiya gajera ce mai sauƙi kuma kana jin daɗinta a haka, ba laifi. Ranar gudu ko hawa mai tsanani dai ka ci kafin ka fita.

Ina za a rage ke nan? Giɓi ɗan kaɗan, kalori 300 zuwa 500 a rana, wanda zai ba ka kusan rabin kilo a mako ko ƙasa da haka, kuma ka fi sa shi a ranakun hutu da ranakun tafiya mara nauyi. A aikace ma'anarsa ita ce shinkafa da taliya da burodi da dankali su bi yawan aikin ranar, ranar doguwar tafiya su cika faranti, ranar zama su koma gefe ganye da kayan lambu su karɓi filin. Abin sha mai zaƙi shi zaka fara sallama don baya ƙosarwa ko kaɗan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin wuni, in ma za a iya a sauko ƙasa da 5. Mai yana da kalori 9 a kowane giram, sitaci da furotin 4-4, shi ya sa soye-soye ke tara lissafi ba a sani ba, barasa kuma 7 take da shi ba wani amfani a ciki.

Furotin kuwa ba a taɓa shi, ƙara shi ma ake yi. In mutum yana cin ƙasa da abin da yake ƙonawa jiki baya tsayawa a kitse kaɗai, har tsoka yake gutsura, kuma tsokar cinyar nan ita ce jarin mai keke. Ƙa'idar da aka fi bi ga masu motsa jiki ita ce giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, mai kilo 70 in ya nufi tsakiya, wato 1.6, yana neman giram 112. Ƙwai ɗaya 6 ne, kofin madara wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 15, giram ɗari na dafaffiyar tsokar kaza wajen 30, kifi ma ba nisa. Ka rarraba shi a ci uku ko huɗu ya fi ka tara shi a dare ɗaya, kuma ga shi yana riƙe ciki fiye da komai, shi da abinci mai harza irin wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba da 'ya'yan itace.

Zaka ji wani ya ce ai ni na bar sitaci mako ɗaya na zubar da kilo biyu. Ba ƙarya ya yi ba, sikeli ya nuna, amma kowane giram na gilaikojin da ruwa wajen giram uku yake tafe, in ka kwashe ajiyar ruwan ya bi ta. Ranar da ya ci shinkafa sosai kilo biyun za su dawo, a tsakani kuma ƙafarsa babu komai a hawa.

Akwai kuma inda abin ke zama cuta, kuma masu keke suna cikin waɗanda ya fi kamawa saboda kowa ya haddace cewa mara nauyi shi ke fara haye tudu. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fito da bayani kan halin da ɗan wasa ke shiga in ya daɗe yana cin ƙasa da abin da atisaye da rayuwa ke nema, suka sa masa suna RED-S. Jiki sai ya fara kashe wasu fitilu don ya tsira: 'yar uwa zaki ga al'ada ta rikice ko ta ɗauke, namiji sha'awa ta ragu, mura ba ta ƙarewa, sanyi na damun mutum, barci ya lalace, saurin fushi, ƙarfin feda yana sauka duk da ana ƙara atisaye, sannan ƙashi ya yi rauni. Wannan na ƙashi ya fi tsanani ga mai keke, don keke baya ɗora wa ƙashi nauyi kamar gudu ko tsalle, an sha samun ƙwararrun 'yan tsere matasa da raunin ƙashi musamman a gadon baya. Kuma me ake samu a madadin duk wannan? Mu ce kai kilo 70 ne kekenka da kayansa 10, jimla 80. In ka sauke kilo ɗaya ƙarfinka bai ragu ba, a hawa mai tsayi ka samu kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari, wato daƙiƙa 15 ko ƙasa a hawan minti 20. Ga mai neman lambar zinare wani abu ne, ga ni da kai wallahi bai kai a taɓa lafiya ba. Ɗaukewar al'ada ba alamar an ƙware ba ce, dalilin ganin likita ne.

Sannan ba duk cikin da ya turo ne kitse ba. In da safe a shafe yake da yamma ya kumbura, iska ce ko gishiri ko taurin bayan gida ko lemo mai gas, wasu kuma madara ce bata karɓe su ba, wanda ya ƙara wake da ganye farat ɗaya ma zai ga haka na ɗan lokaci. Akwai kuma tsayuwa, mai yawan zama a kujera da sirdi tsokar gaban ƙugunsa takan ɗaure ta janyo ƙugu gaba, baya ya lotsa, ciki ya fito ko da babu kitse. Ka kuma kalli 'yan tseren Tour de France, babbar gasar keken Faransa, ta gefe lokacin da suke hawan dutse, mutanen da haƙarƙarinsu ake ƙirgawa, amma zaka ga ciki ya zazzago ƙasa yana cika yana saki. Numfashi ne, shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ke ƙarƙashin huhu tana sauka ta tura kayan ciki waje don huhu ya cika. Saboda haka kar ka kuskura ka dinga tsuke ciki a kan keke don hoto ya yi kyau, iskar kanka kake ragewa.

Yanzu ɗaya ɓangaren, ƙarfi. In an ce tsakiyar jiki ba layukan nan shida da ake gani a gaban ciki kaɗai ake nufi ba. Akwai tsokar da ta zagaye ciki ta can ƙasa, akwai na gefe da gefe, akwai dogaye da gajeru da ke bin ƙashin baya, ga ta numfashi a sama ga ta ƙasan mara, sannan ɗuwawu. Keke yana dogara da su amma baya gina su, don sirdi da feda da hannun keke sun tallafe ka ta wuri uku, sai ƙafa ta yi ta ƙarfi ta bar tsakiya a baya. Mai juya feda sau 90 a minti, a awa guda kowace ƙafa ta taka sau 5,400, kuma duk taku ɗaya yana ƙoƙarin karkata ƙugu gefe, tsakiyar jiki ce ke hanawa. Kamar gatari ne da ƙotarsa ta yi sako-sako, ko hannu ya kai ƙarfin me saran baya shiga yadda ya kamata, ga kuma hannun na shan jijjiga. Alamomin a bayyane suke: ƙugu na rawa a kan sirdi, kafaɗa na lilo a hawa, tafin hannu ya yi sanyi ya mutu saboda duk nauyi ya koma kansa, kwankwaso ya fara ƙuna bayan awa ɗaya. In kana da keken ɗaki ka gwada, kana cikin takawa a sunkuye ka ɗaga hannuwanka kaɗan daga maƙamar ba tare da ka miƙe ba, in nan take ka ji zaka kifa gaba to hannu ne ke yi wa ciki aikinsa.

A 2007 a Jami'ar Pittsburgh an gwada 'yan tsere 15, aka gajiyar da tsakiyar jikinsu da gangan sannan aka sa su taka. Ƙarfin da suke sa wa feda bai canza ba, amma yadda gwiwa da idon sawu ke tafiya ya canza, gwiwa ta fara kaucewa gefe. Wani bincike kuma daga Norway a 2010 ya tambayi ƙwararrun 'yan tsere 109, kashi 58 cikin ɗari suka ce sun yi fama da ciwon kwankwaso a cikin shekarar, kashi 36 da ciwon gaban gwiwa. Abin da na ɗauka daga nan shi ne kar kowa ya yi maka alkawarin atisayen ciki zai ƙara maka gudu gobe. Ribarsa ita ce ka kai awa ta uku a zaune daidai kamar yadda ka fara, gwiwa na bin layinta, baya bai dame ka ba, ka kuma iya fita washegari.

Tunda aikin tsakiyar jiki a keke hana motsi ne, atisayen ma ya kamata ya zama na riƙewa, ba na lanƙwashewa ba. Sitof lanƙwasa baya yake yi, abin da ka wuni kana yi a sirdi, kuma tsokar gaban ƙugu da ta riga ta ɗaure ita ke jan rabin aikin. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙashin baya, ya nuna sitof yana matse gadon baya da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 300. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ma ta cire shi daga gwajin ƙarfin sojojinta, tun 2022 filank, wato mutum ya kifa ciki ya tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa ya riƙe jiki a miƙe, shi ne ma'aunin ƙarfin ciki a wurinsu.

McGill ɗin yana da atisaye uku da ya shahara da su, kuma sun dace da mai keke ƙwarai. Na farko ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a tanƙwashe, tafin hannu a ƙarƙashin kwankwaso don lotsawar bayan ta zauna yadda take, sai ka ɗaga kai da kafaɗa ɗan kaɗan kawai daga ƙasa, wuya a miƙe, ka riƙe. Na biyu ka kwanta ta gefe ka tokare da gwiwar hannu a saitin kafaɗa, ka ɗaga ƙugu har jiki ya zama layi ɗaya, in ya yi wuya ka fara daga gwiwa maimakon tafin ƙafa. Wannan shi na fi ba muhimmanci don shi ke hana rawar ƙugun nan. Na uku ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci ɗaya, ƙafar kar ta wuce saitin ƙugu, bayanka kuma ko motsi kar ya yi, wasu ma kwalbar ruwa suke kwantarwa a gadon baya in ta mirgino sun san ƙugu ya karkace. Daƙiƙa 10 ake riƙewa a saki, sau biyar a huta, sau uku a huta, sau ɗaya. Ba a buƙatar filank na minti biyar ana karkarwa ƙugu ya zube ƙasa, da zarar siffar ta lalace atisayen ya ƙare ko agogo bai cika ba. Kuma ka ci gaba da numfashi kana riƙe, don haka zaka yi a kan keke, ciki a tsaye huhu na aiki.

Ka ƙara da na ɗuwawu, a kwance rigingine gwiwa a tanƙwashe ka ɗaga ƙugu ka matse, in ka saba ka koma ƙafa ɗaya. Ka miƙar da gaban ƙugu ta hanyar durƙusawa a gwiwa ɗaya ka matse ɗuwawun wannan gefen ka ɗan matsa gaba. Sai ɗaukar kaya mai nauyi a hannu ɗaya ka yi tafiya a miƙe ba ka karkace ba, sannan ka sauya hannu. Wanda ke da damar ɗaga ƙarfe, tsugunnawa da nauyi da ɗaga nauyi daga ƙasa sun haɗa komai har da ƙashin da keke ya bari, amma a samu wanda ya iya ya nuna. Minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a mako ya wadatar, Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu a mako ta ce a yi atisayen ƙarfafa tsoka, kuma ka yi shi bayan ka sauka ko ranar hutu, ba dab da tafiya mai tsanani ba, tunda mun ga abin da gajiyar tsakiya ke yi wa gwiwa. Yawanci cikin wata ɗaya zuwa biyu ake fara jin bambanci a sirdi, tef kuwa ya fi haka jinkiri.

Barci ma yana cikin lissafin fiye da yadda ake zato. A Jami'ar Chicago a 2010 an sa mutum 10 a kan ragaggen abinci iri ɗaya, mako biyu da awa 8 da rabi a gado, wani mako biyun da awa 5 da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a lokacin ƙarancin barci kitsen da ya tafi ya ragu da kashi 55 cikin ɗari, sauran daga tsoka da makamantanta aka cira. Mai tashi da asuba ya fita keke ya kamata ya kwanta da wuri ke nan. Bel ɗin matse ciki mai sa gumi ruwa kawai yake fitarwa kuma yana takura numfashi, shayin rage teɓa kuwa da yawansu maganin sa zawo ne a ciki, mai keken da ke zubar da gumi bai da abin yi da su.

Mai hawan jini kar ya riƙe numfashi a filank. Mai gwaiwa ko wanda aka yi wa aiki a ciki, da wadda ta haihu kwanan nan musamman in tana ganin tsakiyar ciki na tasowa in ta yunƙura, su fara jin ta bakin likita ko mai gashin ƙashi na asibiti. Cikin da ke girma da sauri ya yi tauri ga kumburin ƙafa ko rama ko ciwo, wannan ba na atisaye ba ne, asibiti ake kai shi. In kuma ka yi wata biyu kana atisayen nan amma kwankwaso bai daina ba, duba keken kansa, sirdin da ya yi tsayi da yawa dole ƙugu ya yi rawa don ƙafa ta kai feda, hannun keken da ya yi nisa ko ya yi ƙasa sosai kuma zai ja bayanka komai ƙarfin cikinka, sau da yawa sauke sirdi da 'yan milimita ko matso da hannun kusa ya raba gardama. Ciwon da ke sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa da jin kamar allura ko mutuwar yatsu kuwa jijiya ce ta matsu, ka ajiye keken tukuna a duba ka.